Toledo da ƙafa, daga gadar gabas zuwa gadar yamma

Toledo gari ne da aka ɗora a kan dutse a tsakiyar ƙasar Sifaniya, kimanin kilomita 70 kudu da Madrid. Kogin Taho ya naɗe dutsen ta gabas da kudu da yamma, ya haƙa kwari mai zurfi, arewa kaɗai ya bari a buɗe. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa kafin ya shiga, zai gane dalilin da ya sa manyan ƙofofi da ganuwa mai ninki suke ta arewa, da kuma abin da ya matse gidajen har wasu lungunan ba sa ɗaukar mutum uku a jere. Garin ba shi da inda zai faɗaɗa, sai dai kowace al'umma da ta zo ta yi gini a kan na wadda ta gabace ta. Romawa sun zauna, sarakunan Bisigot, wata ƙabila ta Jamusawan da, sun mai da shi babban birninsu a ƙarni na 6, Musulmi sun riƙe shi daga farkon ƙarni na 8 zuwa 1085, daga nan ya koma hannun sarakunan Kirista na Kastila. A 1561 Sarki Filib na Biyu ya kwashe fadarsa zuwa Madrid, arzikin garin ya soma ja da baya, kuma wannan ja da bayan ne ya tsare shi, domin ba a sami kuɗin rushe tsoho a gina sabo ba. Tun 1986 UNESCO ta sa tsohon garin ɗungurungum cikin wuraren tarihi na duniya.

Na tafi ne tare da wani dattijo, malamin tarihi da ya ajiye aiki, wanda ya san garin tun da daɗewa. Muna cikin jirgin ƙasa daga Madrid, tafiyar rabin awa da 'yan mintoci, ya kafa mini sharaɗi: ba za mu hau motar da ke kai mutane tsakiyar gari ba, ba kuma za mu bi matakalar lantarki da aka kafa a jikin tudun ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gwiwoyinku fa?" Ya ce, "Ɗana, wanda aka ɗauka aka dire a tsakiyar gari, gidaje kawai zai gani. Wanda ya hau da ƙafarsa shi zai san abin da ya sa garin nan ya yi wuyar ci da yaƙi."

Shirin ba shi da yawa. Takalmi mai kama ƙasa, domin daɓen lungunan na duwatsu ne masu santsi, da gorar ruwa, da taswirar takarda, saboda a matsattsun wurare taswirar waya takan rikice ta ajiye ka a bayan katangar da kake gabanta. Akwai wani tikiti da ake ɗaura wa mutum a wuyan hannu, yana buɗe masa wurare bakwai, kuma ya fi araha a kan biyan kowanne daban. Babban cocin garin tikitinsa dabam ne. Gidan tarihin Yahudawa ba ya buɗewa ranar Litinin, don haka muka kauce mata, muka kuma yi sammako, domin zafin bazara a Toledo yakan kai digiri 40.

Darasi na farko a tashar jirgin aka ba ni shi. Gini ne na jan bulo mai hasumiyar agogo, tagoginsa da ƙofofinsa duk masu baka irin na kofaton doki, mai sauka zai rantse tsohon ginin Andalus ne. Alhali a 1919 aka buɗe shi. Malam ya sa na tsaya na dube shi da kyau, bulonsa girma ɗaya, layinsa a miƙe sambal, ya ce in riƙe wannan a ido don in auna na asali da shi.

Tafiya kaɗan ta kai mu gadar Alcántara. Tushenta na Romawa ne, an sake gina ta a zamanin Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 10, ambaliya ta yi mata ɓarna a tsakiyar ƙarni na 13, Sarki Alfonso na Goma ya sa aka gyara, bakan da ke bakinta na waje kuma na 1721 ne. Gada ɗaya ke nan, hannun magina na zamani huɗu. Daga tsakiyarta in ka leƙa ƙasa kogi ne can nesa tsakanin duwatsu, in ka ɗaga kai garin ne a kanka, da fadar Alcázar mai hasumiya huɗu a ƙoli. Da ka ƙetare sai ka tarar da wata tsohuwar ƙofa ta zamanin Musulmi wadda ba ta miƙe ba. Ka shiga, bango ne a gabanka, dole ka karya kwana. Mahayin da ya sukwano sai ya tsaya, masu ɗauke da gungumen fasa ƙofa ba su da filin ɗaukar gudu, masu tsaro kuwa suna sama suna jiran su. Na sha karanta wannan dabara, amma sai da na tsaya a cikin kwanar, numfashina ya riga ya soma sama-sama, na ɗaga kai na ga inda mai kibiya zai tsaya, sannan ta zauna mini. Daga nan matakala ce ta dutse, hawa bisa hawa. Malam yana tafe yana tsayawa, yana cewa sannu ba ta hana zuwa.

Hawan ya fitar da mu dandalin Zocodover ta ƙarƙashin wani baka. A zamanin Musulmi kasuwar dabbobi ce, kuma wanda ya hawo daga gada zai ga hikimar wurin, domin ba sai an kora garke cikin lunguna ba. Daga baya a nan aka riƙa wasan bijimai, a nan kuma kotun binciken aƙida ta coci ta riƙa zartar da hukunci a bainar jama'a. Gefen gabas na dandalin sabon gini ne, saboda yaƙin basasa na 1936 ya rugurguza shi tare da Alcázar, wadda aka yi wa ƙawanya daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba na shekarar. Yanzu gidan tarihin soja ce. Ba mu shiga ba.

Maimakon mu bi jama'a zuwa babban coci, sai muka gangara arewa don ganin ƙofofi. Puerta del Sol ce ta farko, mai baka irin na kofaton doki da wasu ƙananan bakunkuna da suka sarƙe da juna a samanta. Ido zai ce aikin daular Musulunci ne, amma a ƙarni na 14 aka gina ta, garin ya fi shekara 200 a hannun Kirista. A nan Malam ya warware mini abin da yake rikita yawancin baƙi. Bayan 1085 Musulmi da dama sun zauna a ƙarƙashin sabon mulki, ana kiran su Mudehar, kuma a cikinsu akwai magina da kafintoci da masu aikin shafe. Salonsu ya zama salon garin. Da shi aka gina coci-coci da fadoji da wuraren ibadar Yahudawa, har Kirista da Yahudawa suka koya suka ci gaba da shi. Saboda haka a Toledo ganin baka mai kofaton doki ba ya gaya maka wa yake mulki lokacin da aka yi ginin, balle ma irin wannan bakan tun Bisigot ana yin sa. Can ƙasa akwai ƙofofin Bisagra biyu kusa da juna. Tsohuwar ta ƙarni na 10 ce, gajeriya, mai kauri, ba ado. Sabuwar an sake gina ta a ƙarni na 16, da hasumiyoyi biyu masu kewaye da tambarin gaggafa mai kai biyu na Sarki Karlos na Biyar. Ta farko an yi ta don a hana shiga, ta biyu don mai shiga ya ji kwarjini.

A kan hanyar komawa sama Malam ya koya mini karatun bango, kuma shi ne abin da ya fi yi mini amfani a ranar. Maginan Toledo suna da tsari nasu: su jera duwatsu marasa sassaƙa tsayin kamu ɗaya ko biyu, su shimfiɗa layin jan bulo siriri a kai don ya daidaita ya ɗaure, su sake jera duwatsu, kusurwoyi kuma bulo zalla. Tsohon bulo falange ne, turmin da ke tsakaninsa kusan kaurinsa ɗaya da bulon. Can kuma sai ka ga wani farin dutse mai sassaƙar fure ko da'ira ya fito a tsakiyar bango ba gaira ba dalili, wani ma a kife. Wannan daga rusasshen ginin Bisigot ko na Romawa aka ɗauko shi, magini ya ga dutse mai kyau ya sa. Da idona ya saba, tafiyar ta ƙara jinkiri, domin kowane lungu akwai abin tsayawa.

Ta ƙofar Bab al-Mardum muka iso ƙaramin masallacin da ya fi komai tsayar da ni a garin. Yau ana kiran sa Cristo de la Luz. A saman fuskarsa akwai rubutun Larabci na Kufi, ba fenti ba, ba sassaƙa ba, da guntayen bulo aka jera haruffan. Ya fara da Bismillah, ya ce Ahmad ibn Hadidi ne ya gina masallacin da dukiyarsa yana neman lada a wurin Allah, ya ambaci magini Musa ibn Ali, ya kuma ce an gama a watan Muharram na shekara ta 390 bayan Hijira, wato ƙarshen 999 zuwa farkon 1000. Rubutun ya ɗauki ƙarnoni a ɓoye bayan wani gini da aka jingina da bangon, sai a 1899 aka gano shi. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, Malam yana gyara mini. Mutum ya yi sadaka mai gudana, ya sa sunan magininsa kusa da nasa, shekara dubu ta wuce, kuma ga baƙo daga nesa yana karantawa yana yi masa addu'a.

Ciki ɗan ƙarami ne, kimanin mita 8 kowane gefe, masallacin unguwa. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, kawunansu na Bisigot ne da aka sake amfani da su, sun raba ɗakin gida tara. Kowane gida da tulluwarsa, kuma babu biyu da suka yi kama. Haƙarƙarin bulo ne suke gittawa ta hanyoyi dabam-dabam, wani ya fitar da tauraro, wani murabba'i cikin murabba'i, ta tsakiya kuma ta fi sauran tsawo don haske ya shigo. Dabarar daga babban masallacin Kurɗuba aka ɗauko ta, aka ƙanƙantar da ita daidai aljihun attajirin unguwa. Ba a ganin su sai an tsaya ƙarƙashin kowace an ɗaga kai, kuma na ga ayarin baƙi sun shigo sun fita ba wanda ya ɗaga. Wannan ya dame ni ƙwarai.

A ƙarshen ƙarni na 12 aka fasa bango ɗaya aka ƙara wa ginin ɗaki mai rabin da'ira don ya zama coci. Maginan da suka yi ƙarin sun bi salon na farko sau da ƙafa, har in ka zagaya ta waje sai ka lura sosai kafin ka ga inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. A gaban ƙofa, ƙasa da daɓen yanzu, an tono wata hanyar Romawa mai manyan duwatsu. Ba na ɓoye cewa zuciyata ta yi nauyi a ɗakin da aka daina sallah tun ƙarnoni. Amma na kuma san cewa mai da shi coci ne ya sa ya tsira, domin yawancin masallatan garin ko tushensu ba a gani.

A lambun da ke gefen masallacin muka zauna, Malam ya ba ni labarin 1085. Bayan rugujewar halifancin Kurɗuba, Toledo ta zama masarauta mai cin gashin kanta a hannun zuriyar Zun-Nun, ta kai ƙololuwa a zamanin al-Ma'mun, wanda ya rasu a 1075. Shi ne ma ya ba sarkin Kirista Alfonso na Shida mafaka a 1072 lokacin da ɗan'uwansa ya kore shi. Jikansa al-Ƙadir bai iya riƙe garin ba, ya miƙa shi ga wannan Alfonso ɗin bisa yarjejeniya, ciki har da barin babban masallaci a hannun Musulmi. Ba a daɗe ba aka karya wannan sharaɗin. Faɗuwar Toledo ce ta sa sarakunan Andalus suka nemi agajin Yusuf ibn Tashfin na Murabiɗun daga Maroko, ya ƙetaro ya ci Alfonso a yaƙin Zallaƙa a 1086, amma garin bai sake komawa ba.

Daga nan muka shiga unguwar gidajen masu zuhudu, inda katangu ke da tsawo, tagogi ƙanana can sama. A wasu wuraren gini ya haye kan lungu ya rufe shi, ka bi ta ƙarƙashi cikin duhu-duhu da sanyi. Akwai kuma lungunan da ba sa ɓullewa, waɗanda a da suke da ƙofa a bakinsu ana rufewa da dare, gidaje kaɗan suna tarayya a ciki. Gidajen Toledo ba sa nuna kansu a waje. Bango ne da ƙofar katako mai manyan ƙusoshi, sai in an bar ta a buɗe ka hango zaure, bayansa tsakar gida mai ginshiƙai da tukwanen shuka da bakin rijiyar tara ruwan sama. Mukan tsaya a bakin ƙofa mu duba, ba ma shiga, domin gidajen mutane ne. A nan na ajiye taswira. Garin ƙarami ne, duk inda ka gangara kogi ko ganuwa za su tare ka, duk inda ka hau za ka hango hasumiyar babban coci.

Cocin San Román, da aka keɓe a 1221, yanzu gidan tarihin Bisigot ne. A ciki bakunkuna ne masu ratsin ja da fari, da zanen waliyyan Kirista, da rubutun Larabci a kewayen tagogi, duk a bango ɗaya. Akwai kwafin kambunan zinariya na sarakunan Bisigot da aka tono a Guarrazar kusa da garin a 1858. A Toledo ne, a taron malaman coci na 589, Sarki Rekaredo ya shelanta komawar masarautarsa ɗariƙar Katolika. Kusa da nan muka hau hasumiyar cocin 'yan Jesuit, wata ƙungiyar malaman Katolika. Malam ya zauna a ƙasa, ni na hau. Daga sama rufin jan kasko ne manne da juna, da ramukan tsakar gidaje, lungunan kuwa ba a ko ganin su.

Babban cocin an fara shi a 1226 a kan filin babban masallaci, wanda shi ma a kan cocin Bisigot aka gina shi, ba a gama ba sai 1493. Tsawonsa ya kai mita 120, kuma saboda matsin gidaje babu inda za ka tsaya ka gan shi gaba ɗaya. Dukiyar da ke ciki ta fi ƙarfin yini guda, don haka muka zaɓi kaɗan. Kujerun mawaƙa na ƙasa, aikin masassaƙi Rodrigo Alemán, kowace tana ɗauke da hoton miƙa wuyar wani gari a yaƙin Garnaɗa, kuma an fara sassaƙa su tun yaƙin bai ƙare ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ganuwa, ga ƙofa, ga masu rawani suna miƙa mabuɗi. A jikin wani ginshiƙi kusa da bagadi akwai mutum-mutumin wani malamin fiƙihu, wanda ake ba da labarin cewa shi ya roƙi sarki kada ya hukunta waɗanda suka ƙwace masallacin, don gudun fitina. A ƙarƙashin wata ƙubba kuma akwai ɗakin da har yau ake ibada bisa tsohon tsarin Kiristocin da suka rayu cikin Musulmi suna magana da Larabci.

Waɗannan Kiristocin da Yahudawan garin su ne gadar da ilimi ya bi. A ƙarni na 12 da na 13 masu neman sani daga sassan Turai sun riƙa zuwa Toledo saboda littattafan Larabci da ke cikinta da mutanen da za su iya karanta su. Ba wata makaranta mai gini ba ce da za a nuna maka, aiki ne da aka yi a kewayen cocin nan da gidajen malamai. Gerard na Kremona ya zo daga Italiya neman littafin taurari na Batlamus, ya zauna har rasuwarsa a 1187, ya mai da littattafai fiye da 70 zuwa Latin, ciki har da Ƙanun na Ibn Sina a likitanci da aljabarar al-Khwarizmi. Takardun cinikin gidaje da gonaki a garin an ci gaba da rubuta su da Larabci har cikin ƙarni na 13, Sarki Alfonso na Takwas ma ya buga kuɗin zinariya a nan da rubutun Larabci mai ɗauke da kalaman Kiristanci.

Da rana ta take, titin da ya haɗa Zocodover da babban coci ya cika maƙil. Shaguna ne na takubba da na ƙarfe mai ado da zaren zinariya, sana'o'in da garin ya yi suna da su. Mai son na gaske ya nemi shagon da zai ga mai aikin zaune da ɗan gudumarsa yana dasa zaren da hannu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙarancin mazauna. Da yawan ƙofofin da muka wuce ɗakunan haya ne na baƙi, kuma tsohon gari in babu mai shanya da mai aiken yaro, gyaransa ma wuya yake yi.

A cocin El Salvador, wanda masallaci ne har 1159, hasumiyar kiran sallah ce aka ɗora wa ɗakin ƙararrawa, kuma a ciki akwai wani ginshiƙin Bisigot mai hotunan mu'ujizojin Annabi Isa (AS) da aka kankare fuskokinsu aka bar sauran. Gaba kaɗan, a Santo Tomé, mutane ke layi don zane guda, na jana'izar mai garin Orgaz, wanda El Greco ya yi tsakanin 1586 da 1588. El Greco mutumin tsibirin Kirit ne, ya zo Toledo a 1577 ya zauna har mutuwarsa a 1614. Zanen ya kusa mita 5 a tsaye, kuma fuskokin masu makokin na manyan garin ne na zamanin mai zanen, ko da yake mamacin tun 1323 ya rasu. Ya cancanci layin, amma ana tura mutane su wuce da sauri, hasumiyar Mudehar ta cocin kuwa, wadda tana cikin mafi kyau a garin, ba mai waiwayar ta.

Unguwar Yahudawa tana gangaren yamma, za ka san ka shiga in ka fara ganin ƙananan tayil masu haruffan Ibrananci a daɓe. Majami'ar Yahudawa ta El Tránsito, Samuel ha-Levi ne ya gina ta wajen 1357, ma'ajin Sarki Pedro na Kastila. Daga waje bango ne kawai. Ciki ɗaki ne guda dogo, rufin katako mai sarƙaƙƙen ado, bangon gabas kuma an lulluɓe shi da sassaƙar farar ƙasa mai laushin gani, ayoyin Zabura da Ibrananci suna zagaye ɗakin, ga tambarin Kastila, ga kalmomin fatan alheri da Larabci a tsakani. Rubutun ya yabi sarkin da ya ba da izini. Shekaru kaɗan bayan haka sarkin ya kama Samuel, ya mutu a hannun masu azabtarwa a Sebiya a 1360. Ɗayar majami'ar, Santa María la Blanca, ta girme ta. Fara ce fat, layi huɗu na bakunkuna a kan ginshiƙai masu kusurwa takwas, salon daular Muwahhidun ta Maroko da Andalus, duk wanda aka rufe wa ido aka kawo shi zai ce masallaci ne. An mai da ita coci a farkon ƙarni na 15.

Ana tallar Toledo da sunan garin al'adu uku, kuma akwai gaskiya a ciki, bangon El Tránsito kaɗai ya isa shaida. Sai dai ban yarda a tsaya nan ba. A 1391 an afka wa unguwar nan an kashe mutane. A 1449 a garin nan aka fara kafa dokar hana Kiristoci masu asalin Yahudanci riƙe muƙami. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar, a 1502 aka tilasta wa Musulmin Kastila zaɓi tsakanin barin addini da barin ƙasa. Zaman tare an yi shi, na maƙwabtaka da ciniki da koyon sana'a, amma a ƙarƙashin mai ƙarfi, kuma ranar da mai ƙarfin ya sauya ra'ayi ya ƙare. Mai tafiya da ƙafa yana ganin duka biyun, domin taku kaɗan ne daga farar majami'ar zuwa gidan masu zuhudu na San Juan de los Reyes, wanda Sarauniya Isabela da Sarki Fernando suka gina bayan yaƙin Toro na 1476. A jikin bangonsa na waje an rataye sarƙoƙi da maruruwa na fursunonin Kirista da aka kwance a yaƙin Garnaɗa. Ƙarfen ya yi baƙi, yana nan a rataye. Waɗanda suka sa shi a ƙafa su ma mutane ne da suka sha wuya, kuma Malam bai bar ni na wuce ba sai da na dube su yadda na dubi rubutun masallaci.

Daga nan gangara ce zuwa gadar San Martín, mai baka biyar, na tsakiyar faɗinsa kusan mita 40, da hasumiyar tsaro a kowane baki. Babban limamin cocin Toledo Pedro Tenorio ne ya sa aka sake gina ta a ƙarshen ƙarni na 14. Muka taka ta muka dawo, sannan muka sauka wata 'yar hanya da ke bin gaɓar kogi ta gindin garin. Baƙi kaɗan ne ke zuwa nan, alhali nan ne bayan gidan Toledo, inda aikin wahala yake. Ga ragowar madatsun ruwa da kangayen injinan niƙa, ga unguwar majema da tushen gidajen wankan zamanin Musulmi a ƙasan cocin San Sebastián, wanda shi ma masallaci ne a da. Garin da kogi ya kewaye ya rayu da ƙishirwa, domin ruwan yana can ƙasa kusan mita 100. 'Yan ga-ruwa ne da jakuna suka yi ƙarnoni suna hawa da shi, har a ƙarni na 16 wani injiniya ɗan Italiya, Juanelo Turriano, ya ƙera wata na'ura da ƙarfin kogin ke juyawa tana ɗaga ruwa zuwa Alcázar.

A wannan gaɓar, wajen ƙofar majema, marubutan tarihi na Larabawa suka ce al-Zarƙali ya kafa agogonsa na ruwa a ƙarni na 11. Maƙeri ne da ya fara da ƙera wa masana taurari kayan aiki, ya zo ya fi su, lissafinsa ya shiga jadawalin taurari na Toledo da Turai ta yi ƙarnoni tana aiki da shi, kuma akwai wani rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa. Agogon tafkuna biyu ne da suke cika a hankali daga tsayuwar wata zuwa daren sha huɗu, sannan su riƙa raguwa har ƙarshen wata, mai wucewa ya duba ya san kwanan wata. Sun ci gaba da aiki kusan shekara 50 bayan garin ya sauya hannu, har zamanin Alfonso na Bakwai, lokacin da wani masanin taurari ya nemi izinin kwance ɗaya don ya gano sirrinsa, da alkawarin zai mayar ya ma inganta shi. Aka ba shi izini ya kwance, ya kasa haɗawa.